Jadawalin maki yana rabewa wajen bugawa: a kwantar da takarda ko a bar ta a tsaye?

«Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin koleji ne a nan Zinder, kuma ni ke haɗa makin ɗalibai na azuzuwa shida a cikin Excel, kowane aji da nasa allon a cikin kundi guda. Ajin da ya fi yawa yana da ɗalibai 72. Jadawalin yana da ginshiƙai 17: lamba, suna, darussa 12, jimla, matsakaici da matsayi. Da na kai shago aka buga, kowane aji ya fito a shafi huɗu, sunaye a wata takarda, rabin makin a wata. Wani abokin aiki ya ce in zaɓi Paysage. Na zaɓa, sai ajin farko ya fito a kwance amma a shafi shida, sauran biyar kuma suka fito a tsaye kamar ban taɓa kome ba. Ga shi kowane shafi dala ashirin nake biya. Ina kuskuren yake?»

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta ƙunshi abubuwa biyu da suka haɗu a rana guda har suka yi kama da abu ɗaya. Na farko shi ne dalilin da ya sa kwantar da takarda ya ƙara maka yawan shafuka maimakon ya rage, na biyu kuma dalilin da ya sa zaɓin da ka yi ya tsaya a kan aji guda. Na daɗe ina koyar da aikin ofis da kwamfuta a wannan gari, kuma duk ƙarshen zangon karatu nakan ga malamai sun shigo da irin wannan jadawali, don haka zan bi maka lissafin da nake yi a gabansu kafin in taɓa na'urar bugawa.

Abin da takarda za ta iya ɗauka

Takardar A4 da muke saye a kasuwa tana da faɗin santimita 21 da tsawon santimita 29,7. Excel ba ya rubutu har bakin takarda. A tsarinsa na asali yakan bar kimanin santimita 1,8 a hagu da dama, da kuma 1,9 a sama da ƙasa. Idan takarda tana tsaye, wato abin da aka rubuta Portrait, faɗin da ya rage maka santimita 17,4 ne, tsawon kuma kusan 25,9. Idan ka kwantar da ita, wato Paysage, faɗin ya koma 26,1, tsawon ya sauko zuwa 17,2. Girman takardar yana nan yadda yake, abin da ka samu a faɗi daga tsawo aka ciro maka shi. Layi guda na Excel, idan ba a taɓa tsayinsa ba, ya ɗan haura rabin santimita, saboda haka takarda a tsaye tana ɗaukar layuka kimanin 48, a kwance kuma kimanin 32 kawai.

Yanzu mu ɗora jadawalinka a kan wannan awo. Kundinka ba ya gabana, amma irinsa da na saba gani yakan ba lamba santimita 1, suna 5,5, kowane darasi 1,5, sannan jimla da matsakaici da matsayi su ma 1,5 kowanne. Idan ka haɗa za ka sami santimita 29. A tsaye, 29 ba ta shiga cikin 17,4, shi ya sa Excel ya yanka jadawalin gida biyu ta faɗi. Ɗalibai 72 da kan jadawali kuma ba su shiga cikin layuka 48, sai ya sake yankawa gida biyu ta tsawo. Biyu sau biyu, shafi huɗun da ka fara gani ke nan. Da ka kwantar da takardar, faɗin ya kai 26,1, amma har yanzu da sauran kusan santimita 3, wato ginshiƙai biyu na ƙarshe, matsakaici da matsayi, waɗanda su ne iyaye da darakta suka fi son gani. Su ne suka tsallaka wata takarda su kaɗai. Ta tsawo kuma yanzu sai an yanka gida uku, tunda 32 kawai kowane shafi yake ɗauka. Uku sau biyu shida. Shawarar abokin aikinka tana da tushe, sai dai rabin aikin ya faɗa maka.

Sauran rabin shi ne a umarci Excel ya matse faɗin jadawalin cikin shafi guda. A cikin sashen Mise en page, akwai wurare biyu kusa da juna da aka rubuta Largeur da Hauteur. Ka sa Largeur a kan shafi 1, ka bar Hauteur a kan Automatique. Ma'anar haka ita ce duk ginshiƙai su taru a faɗin takarda guda, tsawon kuma ya ci shafukan da yake buƙata. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a sa duka biyun a kan shafi 1, sai Excel ya tattara aji guda cikin falle ɗaya da rubutu kamar ƙwayar gero, wanda ba mai iya karantawa sai ya kai takardar bakin hancinsa. Excel yana iya ragewa har zuwa kashi 10 cikin ɗari, kuma ba zai gargaɗe ka ba cewa ido ba zai iya ba.

Da wannan umarni, bari mu kwatanta. A kwance, 26,1 cikin 29 ya ba da kashi 90 cikin ɗari, rubutun da ka yi da girman 11 zai fito kamar girman 10, wanda ba shi da laifi ko kaɗan. A tsaye, ba tare da ka gyara kome ba, 17,4 cikin 29 kashi 60 ne, rubutun ya faɗo ƙasa da girman 7. Ni a aikina, idan adadin ya sauka ƙasa da kashi 70, ba na bugawa sai na koma na gyara jadawalin, musamman idan na san za a manna takardar a bangon makaranta inda yara za su yi cincirindo suna leƙe ta bayan juna, ko za a yi mata fotokofi, domin fotokofi yakan cinye siraran lambobi har 3 ta koma kamar 8.

Me ya sa ban gaggauta cewa ka kwantar ba

A nan ne nake saɓa wa abin da aka saba faɗa, cewa jadawali mai faɗi maganinsa Paysage. Jadawalinka yana da faɗi, amma tsawonsa ya fi faɗinsa yawa, kuma kai kuɗin shafi kake ƙirgawa. A kwance da kashi 90, shafi yana ɗaukar layuka kimanin 36. Idan ka cire uku na kan jadawali a kowane shafi, saura ɗalibai 33. Shafi biyu za su ɗauki 66, ɗalibai shida su kaɗai su ci shafi na uku.

Ka dubi ginshiƙan darussanka da kyau. Makin da ke ciki bai wuce irin 12,50 ba, wanda santimita 1,1 ta ishe shi. Abin da ya buɗa ginshiƙin har ya kai 1,5 ko fiye shi ne sunan darasin da ke sama, irin su Histoire-Géo ko Mathématiques, da aka rubuta a kwance. Idan ka zaɓi layin sunayen darussan, ka shiga Format de cellule, sashen Alignement, ka juya rubutun digiri 90 ya miƙe tsaye, za ka iya matse kowane darasi zuwa 1,1. Ka rage suna zuwa santimita 5, ginshiƙai uku na ƙarshe 1,2 kowanne, jimlar faɗin ta dawo 22,8. Sannan a Marges ka zaɓi Étroites, wanda yake barin santimita 0,64 kawai a hagu da dama, faɗin takarda a tsaye ya zama 19,7. Lissafin ya ba da kashi 86 cikin ɗari, rubutu mai girman 9 da rabi, kuma shafi guda zai ɗauki ɗalibai kusan 49 ko da kan jadawalin ya yi tsayi. Ajin 72 ya shiga shafi biyu a tsaye, kowane suna da makinsa da matsayinsa a layi guda. Daga shafi huɗu ko shida zuwa biyu, a azuzuwa shida, kai ma ka san abin da ya rage a aljihunka. Idan ka matse ginshiƙi har ka ga alamun ##### sun maye gurbin lamba, ya yi ƙunci da yawa, ka ɗan buɗa shi. Makin yana nan bai ɓace ba.

Don ka ga waɗannan awo da santimita a kwamfutarka, ka shiga Affichage ka zaɓi Mise en page, za ka ga ma'auni ya fito a sama da gefe, kuma faɗin ginshiƙi zai riƙa bayyana da santimita idan kana jan bakinsa da linzami. Adadin da na kawo na iya ɗan bambanta da naka gwargwadon irin rubutun da ka zaɓa, amma hanyar lissafin ita ce dai.

Akwai inda kwantarwa ta fi, kuma a can ba na jayayya. Idan kowane darasi yana da ginshiƙi biyu ko uku, makin aji da na jarrabawa da wanda aka ninka, ko akwai ginshiƙin ra'ayin malami da ake cikewa da hannu, ko ajin bai wuce ɗalibai talatin ba, to Paysage ita ce daidai. Idan kuma ginshiƙan sun haura talatin, ka nemi shagon da ke da na'ura mai ɗaukar A3, wadda take santimita 29,7 da 42, ninki biyu na A4.

Dalilin da ya sa azuzuwa biyar suka ƙi juyawa

Excel yana ajiye tsarin bugawa a cikin kowane allo shi kaɗai, waɗannan da sunayensu ke jere a ƙasa. Tsayuwa ko kwanciyar takarda, girmanta, tazarar gefe da matsewa, duk na allon da kake ciki ne lokacin da ka yi zaɓin. Kai kana cikin ajin farko ka danna Paysage, sai ka ba da umarnin a buga kundin gaba ɗaya, kowane allo ya fito da tsarin da yake ɗauke da shi. Wannan tsari yana da amfani, domin shi ne yake ba ka damar barin jerin sunaye a tsaye, jadawalin maki kuma a kwance, cikin kundi guda.

Idan kana son duka shida su bi tsari ɗaya, ka danna sunan allo na farko, ka riƙe Ctrl kana danna sauran, ko ka danna ɗaya da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Sélectionner toutes les feuilles. Za ka ga kalmar Groupe ta bayyana a can sama kusa da sunan kundin. A wannan hali, duk tsarin shafin da ka zaɓa zai hau kansu baki ɗaya.

Ina roƙonka ka kula da abu guda, domin na taɓa ƙonewa da shi. Muddin allunan suna haɗe, abin da ka rubuta a gida ɗaya, wato mahaɗar layi da ginshiƙi, yana shiga wannan gidan a dukkan sauran. Wata shekara ina taya wani malami irin wannan aiki da yamma, wuta tana ɗaukewa tana dawowa, muna sauri. Na haɗa allunan na gyara tsarin shafi, sai ya hango an rubuta sunan wata ɗaliba ba daidai ba a layi na goma sha huɗu, na gyara nan take ban raba su ba, muka ajiye muka rufe. Washegari ya dawo da takardun a hannu, sunan yarinyar nan ya zauna a layi na goma sha huɗu a kowane aji, ya shafe sunayen yara biyar. Sai da muka koma ga rajistar hannu muka dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar, da na gama tsarin shafi, abu na farko da nake yi shi ne in danna maɓallin dama a kan sunan allo in zaɓi Dissocier les feuilles, in tabbata kalmar Groupe ta ɓace, sannan in taɓa wani abu.

Da zarar aji ya wuce shafi guda, shafi na biyu zai fito ba tare da sunayen darussa a samansa ba, mai karatu ya rasa ko 14 ɗin da yake gani na lissafi ne ko na Faransanci. Maganinsa yana cikin Imprimer les titres: a gurbin Lignes à répéter en haut ka nuna layukan kan jadawalin, za su riƙa maimaituwa a kowane shafi. Wannan kam sai ka bi allo ɗaya bayan ɗaya, domin Excel yana rufe gurbin idan alluna suna haɗe.

Idan ka yi duk wannan amma ka ga rubutun ya ƙanƙance fiye da lissafinka, ko fararen shafuka suna biyo baya, to akwai wani abu da aka manta a can gefe, wataƙila lissafin wucin gadi da ka yi a wani ginshiƙi mai nisa, ko zanen iyaka da ya zarce. Excel yana ƙirga shi cikin faɗin da zai matse. Ka danna Ctrl da Fin tare, zai kai ka gida na ƙarshe da yake ɗauka ana amfani da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zaɓi jadawalin daga lamba ta farko zuwa matsayin ɗalibi na ƙarshe, ka shiga Zone d'impression ka danna Définir, abin da ke waje ba zai fita ba.

Tsakanin kwamfutarka da ta mai shago

Yakan faru ka gyara kome a gida, ka kai kundin shago a kile, wato ƴar ma'ajiyar USB, ya fito da wani fasali. Excel yana dogara da na'urar bugawar da aka haɗa da kwamfuta wajen auna shafi, don haka ginshiƙin da ya shiga da ƙyar a wajenka yana iya tsallakewa a wajensa. Wani abin da nake yawan tararwa shi ne girman takarda. Kwamfutoci da yawa da ake kawowa an saita su da tsarin Amurka, inda takardar da aka saba ita ce Letter, mai faɗin santimita 21,6 da tsawon 27,9. Ta fi A4 faɗi kaɗan, ta fi ta gajarta da kusan santimita 2, kuma idan aka kwantar da ita wannan gajartar a faɗin jadawalinka take faɗawa. Wasu na'urorin ma sukan tsaya cak suna neman a sa musu takardar da ba mu da ita. Ka duba Taille a cikin Mise en page ka tabbata A4 ce, tun kafin ka fara sauran gyare-gyaren.

Shawarata ita ce kada ka kai kundin Excel shago sam. Ka danna Ctrl da P ka duba hoton yadda zai fito, ka kalli adadin shafukan da aka rubuta a ƙasa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan ka gamsu, ka shiga Enregistrer sous ka zaɓi PDF, a cikin Options ka nuna kundin gaba ɗaya. PDF yana daskarar da kowane shafi yadda ka gan shi, na tsaye a tsaye, na kwance a kwance, ko ta kile ka kai shi ko ta WhatsApp ka tura. Yana kuma kare makin yara daga hannun da zai taɓa wani gida bisa kuskure a kwamfutar da mutane da yawa suke zama a gabanta. Kada kuma ka ajiye aikin a matsayin CSV, domin wannan nau'in lambobi da haruffa kawai yake riƙewa, tsarin shafi duka yana zubewa.

A wajen na'urar, ba a juya takarda a cikin tire don ana son bugu a kwance. Ta shiga yadda ta saba shiga, na'urar ce take juya rubutun. Idan za a buga gaba da baya don tsimin takarda kuma shafukan a kwance suke, a zaɓi juyawa ta gajeren gefe; idan aka bar shi a dogon gefe, bayan takardar zai fito kai a ƙasa lokacin da aka ɗinke ta hagu aka buɗe kamar littafi.

Inda Excel ya tsaya

Abu guda ne ba za ka samu kai tsaye ba: allo ɗaya ba ya fitar da shafin farko a tsaye na biyu a kwance. Word yana yin haka ta hanyar raba rubutu sashe-sashe, Excel kuwa tsari guda yake ba kowane allo. Idan kana da jadawalin maki da kuma ɗan taƙaitaccen rahoto a ƙarƙashinsa da kake son ya fito da wani fasali, ka ɗauke rahoton zuwa sabon allo ka ba shi nasa tsarin. Akwai hanyar Affichages personnalisés da ke ajiye tsarin bugawa iri-iri ga allo guda, amma takan rufe idan akwai jadawalin da aka mayar Tableau, wato tsarin jadawali na musamman na Excel, a cikin kundin, kuma ga aikin makaranta raba alluna ya fi sauƙin riƙewa.

Idan wata rana ka zauna a gaban kwamfutar da ke da LibreOffice Calc maimakon Excel, kamar yadda ake samu a wasu ofisoshi, lamarin yana juyewa. A can tsarin takarda yana cikin abin da suke kira Style de page, kuma duk allunan da suke amfani da salo guda tare suke juyawa, don haka wanda ya kwantar da ɗaya zai tarar duka sun kwanta. Mai son su bambanta sai ya ƙirƙiri salo na biyu ya ɗora wa allon da yake so.

Ga kundinka na yanzu, Malam, ka fara da ajin nan mai ɗalibai 72, tunda shi ne mafi wuya. Ka miƙar da sunayen darussa, ka matse ginshiƙai, ka sa A4 da Étroites da Largeur shafi 1, ka dubi adadin da ya bayyana a gurbin Échelle, inda Excel yake nuna kashin da ya matse jadawalin. Idan ya kai kashi 80 ko fiye a tsaye, ka bar shi a tsaye ka bi sauran biyar da shi. Ka sa a buga maka shafin farko kaɗai, ka manna shi a bango, ka ja baya taku biyu ka gwada karanta matsayin ɗalibin da ke layin ƙarshe kafin ka biya kuɗin sauran.